Ɗari ko ɗari da hamsin: Wane girman inji ya dace da mai sayen babur ɗin farko a Rano da Kibiya?

Da zarar an kammala girbi, an casa shinkafa an kai masara kasuwa, lokacin cinikin babura ya kama a kudancin Kano. Manomin Rurum ko na Tarai da ya shekara yana aron babur ɗin ƙaninsa, da malamin firamaren da ya kwashi adashi, da saurayin da iyayensa suka sayar da sa domin su kafa masa sana'ar acaɓa, duk sukan bi ta Bunkure su ɓulla Karfi su shiga birni da kuɗi a ƙugu.

A shagunan Fagge da Sabon Gari kuwa, bayan an gama gaisawa, tambaya ɗaya ce ke jiransu: ɗari ake so, ko ɗari da ashirin da biyar, ko ɗari da hamsin?

Da yawa daga cikinsu kan amsa ne da abin da suka tsinta a majalisa, cewa babban inji ya fi ƙarfi, ƙarami ya fi sauƙin mai. Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, sai dai kowacce rabin gaskiya ce. A yau da sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, wanda ya yi kuskuren zaɓi zai shafe shekaru yana biyan kuskuren, ko dai a gidan mai, ko a wurin makanike, ko kuma, Allah Ya kiyaye, a hannun mai ɗori.

Me lambar take nufi?

Lambar da ake mannawa a gefen babur, 100 ko 110 ko 125 ko 150, tana tafiya ne da haruffa biyu, cc, waɗanda ake furtawa si-si. Ma'auni ne na faɗin ciki, kamar yadda ake auna ruwa da lita. A cikin inji akwai wani bututun ƙarfe, silinda, wanda makanikai ke haɗawa da abin da ke kewaye da shi su kira bulok. A cikinsa fistin ke hawa da sauka. Filin da fistin ke sharewa daga ƙasa zuwa sama, shi ne girman inji.

Cc dubu ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan injin cc 100 kashi ɗaya ne cikin goma na lita. Ledar fiya-wata tana ɗaukar rabin lita, wato cc 500, don haka ramin da ke jan magidanci da matarsa da buhun taki daga Kibiya zuwa Saya-Saya bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ledar ruwan nan ba.

Ana samun lambar ne daga faɗin bakin silinda da kuma tsawon tafiyar fistin. Tsohon Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi injinsa, faɗin bakin silindarsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistinsa milimita 49.5. Idan aka lissafa, cc 124 za a samu. Kamfanoni kan cike lambar ne don daɗin faɗa. Haka Boxer da ake kira 150, ainihin girman injinsa bai kai cc 145 ba.

Fistin yakan sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su fashe su tunkuɗa shi ƙasa. Ramin da ya fi girma ya fi zuƙar iska da mai, tunkuɗarsa kuma ta fi ƙarfi. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta cewa komai game da birki, ko kaurin taya, ko ƙarfin ƙashin bayan babur, ko ingancin ƙarfen da aka zuba injin da shi.

A bisa kiyasi, injin cc 100 mai bugu huɗu yana ba da ƙarfin doki 7 zuwa 8, na 125 yana ba da 9 zuwa 11, na 150 kuma kusan 12. Tazarar ba ta da yawa a takarda, amma daga 8 zuwa 12 ƙarin rabi ne, kuma hannun da ke riƙe da totur yana jin bambancin tun a giyar farko.

Akwai kuma abin lura ga mai saye, musamman na hannu. Sitika ce ke ɗauke da lambar da ke gefen babur, sitika kuwa ɓare ta ake yi a manna wata. A yawancin injinan nan, ainihin girman yana nan a zube a jikin ƙarfen bulok, can ƙasa kusa da inda ya haɗu da cikin inji. A goge ƙurar wurin a duba.

Lamba ɗaya, hali daban

Duk wanda ya yi wayo a shekarun da Jincheng ke mulkin tashoshin acaɓa ya san ƙararsa da shuɗin hayaƙinsa. Jincheng AX100 an ƙera shi ne a kan tsarin Suzuki AX100, injinsa mai bugu biyu ne, ma'ana yana ba da wuta a kowane juyi ɗaya na inji. Boxer 100 na kamfanin Bajaj na Indiya kuwa mai bugu huɗu ne, sau ɗaya yake ba da wuta a juyi biyu.

Dukkansu ɗari ake kiransu, amma halinsu ya sha bamban. Mai bugu biyu ya fi zafin nama da zabura, ba shi da nauyi, gyaransa ba wuya domin ba shi da bawul. Sai dai ya fi shan fetur, kuma yana ƙona baƙin mai tare da fetur ɗin, don haka kullum sai an ƙara masa. Ranar da aka manta tankin baƙin man ya ƙafe, fistin ya kama, sai sauke inji. Mai bugu huɗu ya fi natsuwa, ya fi jan kaya a hankali, baƙin mansa kuma yana zaune a ciki har ranar juye.

Wannan ne dalilin da ya sa kwatanta lamba da lamba kawai ke yaudarar mutum. Kafin a tambayi si-si nawa ne, a fara tambayar wane irin inji ne.

Hanyar da za a bi, da kayan da za a ɗora

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka cewa tafiya daga Rano zuwa Kibiya, ko daga Rano zuwa Rurum har Tiga, ita ce aikin babur a nan. Wannan ɓangaren mai kwalta ne, kuma shi ne mafi sauƙi. Aikin gaske yana farawa ne daga inda aka sauka daga titi: burji mai kwazazzabai, turbar shanu mai rairayi, gefen gona mai santsi a watan Agusta, gindin duwatsun da suka kewaye Rano, da kuma siraran hanyoyin da ke bin bakin magudanan ruwan noman rani da ke fitowa daga madatsar Tiga.

A irin waɗannan wurare babu wanda ke buƙatar gudun kilomita 100 a sa'a. Abin da ake nema shi ne inji mai ja a giya ta ɗaya da ta biyu ba tare da ya mutu ba, da babur mai tsayin ƙasa wanda cikinsa ba zai riƙa dukan tudu ba, da kuma nauyin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa idan ya faɗi a cikin caɓi babu kowa kusa. Wannan na ƙarshe masu saye ba su cika tunawa da shi ba. Boxer 100 ya ɗan haura kilo 100, na 150 ya fi shi da kilo goma sha wani abu, babura masu cc 200 zuwa sama kuwa sun fi haka nauyi sosai. A kan kwalta ba a jin wannan bambanci. A cikin rairayi, inda tayar gaba ke karkacewa mutum yana dafa ƙasa da ƙafa, kowane kilo sai ya nuna kansa.

Sai batun roba-roba, wato irin su Lifan da Haojue masu cc 110 ko kusa da haka. Asalin tsarinsu daga Honda Super Cub ne, wanda ya fito a Japan a 1958 da inji mai cc 50 kacal, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 na zuriyarsa. Ba su da kulocin hannu, taka giya kawai ake yi, ba su da tsayi, ga sauƙin mai, ga kariya daga feshin taɓo ga mai babbar riga. Ga ma'aikacin sakatariya ko malamin makarantar da hanyarsa ba ta wuce cikin garin Rano ko titin Kibiya ba, da wuya a samu abin da ya fi su dacewa da ɗan koyo. Amma tayoyinsu sirara ne, cikinsu kusa da ƙasa, jikinsu roba ce mai fashewa. Wanda ya sayi roba-roba ya mayar da shi jakin gona, kafin kaka ta zagayo zai ga ya koma ɗaure-ɗaure da waya.

Kaya su ne babban ma'auni, kuma nan ne ya kamata mai saye ya zauna ya yi wa kansa gaskiya. Magidanci mai kilo 65, da goyo mai kilo 65, da buhun taki mai kilo 50, sun tashi kilo 180, sun fi babur ɗin kansa nauyi nesa ba kusa ba. Buhun masara cikakke yana kaiwa kilo 100. Jarka huɗu ta ruwa masu lita 25 ita ma kilo 100 ce. Kowane sabon babur yana zuwa da ɗan littafi mai ɗauke da iyakar nauyin da kamfani ya amince a ɗora masa, kuma ga irin waɗannan babura iyakar galibi ba ta kai kilo 200 ba. Littafin nan yawanci a cikin leda yake ƙarewa ba a buɗe shi ba.

Ƙaramin inji da aka danne da kaya ba ya ƙin tafiya, a nan ne haɗarin yake. Zai tafi, amma a ƙaramar giya, totur a murɗe, inji yana kuka babur yana rarrafe. Injinan nan iska ce ke sanyaya su, babu ruwa, iskar kuma daga gudu take zuwa. Idan aka haɗa aiki mai yawa da tafiyar hawainiya da zafin watan Afrilu da ke kusantar maki 40, baƙin man da ke ciki, wanda da ma bai wuce kimanin lita ɗaya ba, sai ya tsinke kamar ruwa. Daga nan sai farantan kuloci su ƙone, ringi ya cinye, hayaƙi ya fara fita a salansa. Wanda sana'arsa ita ce dakon buhuna daga gona zuwa kasuwa kullum, sayen cc 100 don gudun kashe kuɗi araha ce da ba ta ado.

Shi kuma babban inji yana da tasa yaudarar. Yana jan kayan ba tare da kuka ba, sai mai shi ya ɗauka komai lafiya. Alhali ja daban, tsayawa daban. Birkin yawancin baburan nan na ganga ne gaba da baya, kuma ƙarin cc 50 ba ya ƙara masa komai. Inji mai ƙarfi yana kai kaya masu nauyi ga gudun da birki ba zai iya tsayar da su ba a kan lokaci, musamman a gangara ko idan ruwa ya shiga gangar birkin bayan an tsallake rafi.

Akwai wata dabara da makanikai suka daɗe da sani, wadda kan rage wa mutum buƙatar babban inji. Ita ce canza haƙoran da sarƙa ke bi. A misali, idan na gaba yana da haƙori 14 na baya 42, inji zai juya na gaba sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka sa na baya mai haƙori 45, ƙarfin ja zai ƙaru da kusan kashi bakwai cikin ɗari, gudu kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Ga mai bin hanyar gona wannan ciniki ne mai riba, domin gudun da ya rasa da ma ba shi da inda zai yi shi.

Lissafin mai

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama, a hannun 'yan bumburutun ƙauye kuma ta fi haka. Bambancin shan mai da a da ba a kula da shi, yanzu ya zama kuɗin cefane.

Ga misali don a gane girman abin. A ɗauka babur ɗaya yana cin kilomita 50 da lita ɗaya, ɗayan kuma kilomita 40. Mai tafiyar kilomita 60 a rana zai ƙona lita 1.2 a na farko, lita 1.5 a na biyu. Bambancin bai kai sulusin lita ba a rana, abin da ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma a kwana 26 na aiki ya kusa lita takwas, a shekara ya haura lita 90. Idan lita tana naira 1,000, an yi asarar fiye da naira 90,000 a shekara a kan ƙarfin da wataƙila ba a yi amfani da shi ba ko sau goma. Ɗan acaɓa da ke yin ninkin wannan tafiya, asararsa ma ninki ce.

Sai dai lissafin yana juyawa idan kaya suka yi yawa. Sauƙin man ƙaramin inji yana tabbata ne muddin yana tafiya cikin walwala a babbar giya. Da zarar an tilasta masa wuni a giya ta biyu totur a ƙure, zai sha kusan abin da babba zai sha, ga kuma lalacewa a kai. Haka nan tacin iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko tayar da ba ta da isasshiyar iska, ko kafireta da ba a daidaita ba, kowannensu zai iya cinye ribar da aka yi tsammani daga ƙaramin inji.

Hannun ɗan koyo

Duk abin da ya gabata ya shafi kowane mai babur. Abin da ya keɓanta da mai sayen farko shi ne hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Kuskuren da ɗan koyo ya fi yi sananne ne. Akuya ta gifta, ko yaro ya fito daga lungu da gudu, sai ya firgita ya ƙanƙame hannu, maimakon ya saki totur sai ya ƙara murɗe shi. Ko kuma ya saki kuloci gaba ɗaya a lokacin tashi. A kan cc 100 abin da yakan biyo baya shi ne babur ya zabura kaɗan ko ya mutu, a yi dariya a wuce. A kan babban inji kuwa babur yakan fizge daga ƙarƙashinsa ya nufi katanga ko rumfar mai shayi. Ƙaramin inji yana yafe kuskure, babba ba ya yafewa.

Gudu kuma yana da lissafinsa wanda ba ya sauraron roƙo. Mai tafiyar kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa, mai 80 yana cin mita 22. Daƙiƙa guda da mutum zai ɗauka kafin ya gane akwai rami ya taka birki, mai 80 ya riga ya shafe mita 22 bai rage komai ba. Bayan an taka birkin ma, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake yi sau huɗu. Haka ƙarfin karo. Wannan ne ke raba wanda ya tashi ya kakkaɓe rigarsa da wanda aka wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala.

Ƙasashen Turai sun mayar da wannan doka. A Birtaniya, ɗan shekara 17 da ya yi horon farko ba zai hau abin da ya wuce cc 125 ba, ƙarfinsa kuma kada ya wuce kilowat 11, kimanin doki 15, ba zai yi goyo ba, kuma ba zai hau manyan titunan gudu ba sai ya ci jarrabawa. A Tarayyar Turai lasisin babur hawa-hawa ne: A1 ga cc 125, sai A2 ga matsakaici, sannan A ga kowane iri, kuma ana hawa matakan ne da shekaru da gogewa. Abin da za a lura shi ne, abin da Bature ya ɗauka na ɗan koyo, shi ne babur ɗin da ke ciyar da gidaje a nan.

A Najeriya lasisin babur rukuni ɗaya ne, rukunin A, ga wanda ya kai shekara 18. Don haka matakin da doka ba ta gindaya ba, mai saye ne zai gindaya wa kansa, ko mahaifinsa ya gindaya masa. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sawa daga 1 ga Janairun 2009, ba ruwanta da girman inji. Kan da ya bugi kwalta daga kan roba-roba da wanda ya buga daga kan 150 duk ƙashi ɗaya ne.

Wane ne ya dace da wane?

Idan aka haɗa hanya da kaya da mai da hannun ɗan koyo, mafi yawan masu sayen farko a Rano da Kibiya ba su da dalilin fita daga tsakanin cc 100 zuwa 125. Mai zirga-zirgar cikin gari shi kaɗai ko da yaro ɗaya zuwa makaranta, 110 ya ishe shi. Manomin da ke zuwa gona da buhu ɗaya, ranar kasuwa ya goya mutum ɗaya, Boxer 100 ko TVS HLX ko Honda Ace mai 110 za su yi masa shekaru. Malamin gona ko ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyuka da nisa, yana hawa kwalta yana sauka burji, 125 ya fi masa, domin yana da ɗan rarar ƙarfin da zai wuce babbar mota ba tare da ya daɗe a gefenta ba.

Cc 150 na mai dako ne, wanda nauyi shi ne abincinsa na kullum, kuma ya fi kyau a ce ya riga ya yi watanni yana hawan na wani kafin ya mallaki nasa. Abin da ya kai 200 zuwa sama kuwa, ga mai sayen farko a wannan yanki, ado ne kawai mai tsada. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tsayin mutum ma yana cikin lissafi. Ya hau ya zauna a shagon. Idan tafin ƙafafunsa biyu ba su taɓa ƙasa sosai ba, ko ba zai iya tura babur ɗin baya yana zaune a kai ba, ko ɗora shi a kan jaki na tsakiya ya gagare shi, to babur ɗin ya fi ƙarfinsa ko da lambarsa ƙarama ce.

Makanike, doka da ranar sayarwa

Kafin a je birni, ya kamata a fara tsayawa a rumfar makaniken garin a ga abin da ke rataye a jikin bangonta. Babur ɗin da fistinsa da farantan kulocinsa da wayar totur ɗinsa ke samuwa a Kibiya ya fi wanda sai an yi tafiyar fiye da kilomita 50 zuwa Kano, ko an yi aike Legas, kafin a tayar da shi. A tsakiyar damina, kwana uku babur yana jingine yana jiran kayan gyara na iya zama kwana ukun da taki bai isa gona ba. Yawancin manyan injina da ba a saba da su ba, nan suke kayar da masu su.

Haka batun fetur. Wanda ke sayen mai a kwalba a bakin hanya ba ya rasa haɗuwa da ƙura ko ɗigon ruwa a ciki. Babur mai kafireta, makanike zai kwance ya wanke cikin rabin sa'a. Sababbin da kwamfuta ke sarrafa musu feshin mai sun fi tsimi, amma idan suka toshe ba kowace rumfa ce ke da na'urar duba su ba.

Doka ma takan kalli girman inji, kuma ba ta fuska ɗaya ba. A Legas, dokar zirga-zirga ta 2012 ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa ɗaruruwan manyan tituna, har wasu kamfanonin acaɓar zamani suka zuba kuɗi suka sayi masu 200, sai ga haramcin Fabrairun 2020 ya haɗa da su. A Jihar Neja kuwa, a 2021, gwamnati ta hana sayar da baburan da injinsu ya kai cc 185 zuwa sama saboda matsalar 'yan bindiga. A wani wuri babba ne ke da izini, a wani wurin shi ne abin tuhuma. A Kano, tun bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 aka hana goyo a ƙwaryar birni, acaɓa ta koma ƙananan hukumomin karkara. Wanda ke tunanin sayen babba domin ya riƙa kai iyali cikin birni, sai ya sake lissafi.

Babur a karkara kuma asusu ne. Ranar da rashin lafiya ta zo, ko aure, ko kuɗin taki ya yanke, shi ake fara fitarwa. Wanda kowa ya sani, kowane makanike ya iya, shi ke samun mai saye a yini ɗaya. Baƙon babur mai babban inji sai ya yi makonni ana zagaya shi ana yabawa ba a taya ba.

Ga mai sayen na hannu, lafiyar inji ta fi girmansa muhimmanci. Gajiyayyen 150 da ya sha dako ba zai ja abin da lafiyayyen 100 zai ja ba. A je da sassafe a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. A taka kik a hankali, idan ya sauka sakwa-sakwa babu turjiya, matsin cikin ya tafi. Shuɗin hayaƙi a babur mai bugu huɗu alama ce ta yana shan baƙin mai. A kuma gwada lambar inji da ta ƙashin babur da abin da ke rubuce a rasit, gaban shaidu, domin babur mara takarda komai arharsa rigima ce.

Baburan lantarki da suka fara shigowa birane ba su cikin wannan lissafi, domin ba su da silinda balle si-si. Da wat ake auna su, kuma tambayarsu ita ce inda za a yi caji.

Shi kuwa sabon babur, ko wane girma aka zaɓa, ranarsa ta farko ita ce mafi hatsari gare shi da mai shi. Fistin da ringi ba su zauna da juna ba tukuna, shi ya sa kamfanoni ke gargaɗin kada a ƙure totur ko a ɗora kaya masu nauyi a ɗaruruwan kilomitocin farko, sannan a yi juyen farko da wuri domin fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Amma abin da aka saba gani shi ne, ana gama ɗaura shi a Fagge sai mai shi, wanda bai fi mako biyu da koyo ba, ya hau titin Zariya cikin tireloli yana so ya ga iyakar gudunsa kafin Karfi. Ya fi masa ya ba wani gogagge daga cikin 'yan rakiya ya tuƙo a hankali, ana tsayawa inji yana shan iska, ko kuma a biya kuɗin mota a ɗora shi har Rano.